Babi na Shida: Gayyar Allura da Zare

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Dambatta, ko ta Bichi zuwa Tsanyawa, da asubar watan Janairu, wuta zai fara gani jefi-jefi a bakin titi tun kafin ya ga fuskar kowa. Mai shayi ya hura tasa, masu jiran mota sun kewaye tarin kara, yara sun tsuguna sun miƙa tafin hannu. A wannan wata sanyin dare a ƙasar Kano yakan kai digiri 12 ko 13, ranar da jaura ta taso kuwa ya sauka ƙasa da 10. Mutumin ƙasar ƙanƙara zai ce wannan ai ba sanyi ba ne. To, shi gidansa da tufafinsa don sanyi aka yi su. Mutumin Makoda ko Kunchi kuwa, komai nasa shirin zafin Afrilu ne: riga shara-shara, tabarma a ƙasa, ƙofar da asabari ne kawai marufinta.

Akwai kuma abin da ya sa sanyin wannan yanki ya fi tsada. Tun 1965 Michael Mortimore da abokin aikinsa suka wallafa nazarinsu a kan karkarar da ta kewaye birnin Kano, inda suka nuna yadda jama'a suka yi cincirindo har gona ta haɗe da gona, saura ta kusa ɓacewa, ana noma fili guda kowace damina da ƙarfin takin gida da wanda jakuna ke kwasowa daga birni. Inda babu saura, babu dajin da yaro zai shiga ya yo itace kyauta. Kowace ɗorawa, kowane gawo, kowace kuka da ke tsaye a gona da mai ita. Karan dawa ma ba abin banza ba ne: da shi ake danni, da shi ake girki, dabbobi na jiran ganyensa, kuma damin kara kuɗi ne a kasuwa. Saboda haka ɗumin dare a nan saye ake yi, kuma talaka ne ke fara kasawa.

Gini ma ya sauya. Soron ƙasa mai kaurin bango yakan sha rana yini guda ya riƙe ɗumi har asuba, kuma a da tsofaffi na da gadon ƙasa wanda ake zuba garwashi a ƙarƙashinsa. Ɗakin bulo da kwano kuwa, rana na faɗuwa ya saki zafinsa. Abin da ya rage wa mutane shi ne kaskon garwashi a tsakar ɗaki a rufe ƙofa. Kowace shekara Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano sai ta yi gargaɗi a kan wannan ɗabi'a da zarar hunturu ya kama, don gobara na ƙaruwa, kuma iskar gawayi a rufaffen ɗaki tana kisa ba tare da an ji warinta ba. Hayaƙi da ƙura kuma su ne abokan ciwon huhu. Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2018 ciwon nimoniya ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 kimanin 162,000 a Najeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa a waccan shekara. Bargo ba rigakafi ba ne, ba kuma abinci ba ne. Amma ɗakin da kowa ke da abin rufa ba ya buƙatar kwana da wuta.

Su wa ke kwana babu abin rufa? Kowa zai ce almajirai, kuma gaskiya ne. Bayan kaka, idan an kai amfani rumbu, malamai kan tashi da yaransu su sauka a wasu garuruwa, zauruka su cika. Wutar tsangaya da ake karatu a gefenta da dare takan mutu kafin tsakar dare, daga nan sai yaro ya cusa hannu da gwiwa cikin riga, wani ya shige buhu. Amma akwai waɗanda ido bai cika kai wa gare su ba, don suna cikin gida: tsohuwar da 'ya'yanta suka tafi ci-rani Legas ko Abuja, matar da ke takaba da ƙananan yara, mai jegon da zane biyu ne duk abin da ta mallaka, ɗaya a jikinta ɗaya a jikin jariri. Sai masu kwana a fadama suna gadin tumatir da albasa a bakin madatsun ruwan da ake noman rani da su, irin su Tomas da Watari da Gari, inda sanyin ruwa ke haɗuwa da na iska.

Ba a rasa masu taimako ba. Mutanen Kano ba su san rowar sadaka ba, kuma tsarin bayarwa ya daɗe da kafuwa: zakkar hatsi a bakin masussuka, zakkar fid-da-kai, kwanon almajiri da kusan kowane gida ke ajiyewa, 'yan agaji na ƙungiyoyin addini, ƙungiyar mata ta FOMWAN da aka kafa a 1985, da Hukumar Zakka da Hubusi da jihar ta kafa a 2003. Idan sanyi ya tsananta kuma, attajirai da ƙungiyoyin matasa sukan sayi dilar gwanjo a Ƙofar Wambai ko barguna a Kantin Kwari su kai makarantun allo da gidajen marayu. Aikin lada ne, babu mai ja. Sai dai yana da rauni uku da duk mai lura ya sani. Yakan zo a makare, bayan sanyi ya riga ya ci rabinsa. Yakan tsaya a birni da garuruwan bakin kwalta. Kuma kowane bargo da kuɗi aka sayo shi, galibi ma daga ƙetare ya shigo, don haka shekarar da naira ta faɗi sai rabon ya ragu daidai lokacin da buƙata ta ƙaru.

Abin mamaki shi ne ƙasar da ke jiran bargon ƙetare ita ce ta taɓa tufatar da babban yanki na Afirka ta Yamma. Lokacin da Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ake fitarwa daga nan kowace shekara sun kai na wuri miliyan 300 aƙalla, ana kai su har Timbuktu da Murzuk. Mafi yawan wannan aiki ba a cikin ganuwa aka yi shi ba. A ƙauyuka aka yi: mata na gurzar auduga suna kaɗi da mazari, maza na saƙa a inuwar bishiya da rani. Minjibir ta yi suna a saƙa, kuma gwado da luru, manyan mayafan auduga masu kauri, daga irin waɗannan masaƙu suke fitowa. Jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911 Turawa sun yi fatan auduga zai riƙa kwasa, manoma suka zaɓi gyaɗa don ta fi kawo kuɗi. Daga baya yadin masana'anta ya danne saƙar hannu, sannan masaƙun zamani na Kano da Kaduna su ma suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya da kayan Sin suka cika kasuwa.

Har ɗinkin cusa auduga tsakanin ƙyalle biyu a bi shi da allura layi-layi, wanda wasu ke ɗauka sana'ar Turawa ce, tsohon aiki ne a nan. Tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Lifidi kuwa ba komai ba ne illa ƙyalle da aka cusa wa audugar rimi aka ɗinke, ya yi kaurin da kibiya ba ta huda shi, a sa wa doki da mahayinsa. Har gobe 'yan lifidi na fitowa a hawan Sallah. Masu katifar rimi da matashin kai su ma wannan hannun ne. Abin da ya tare kibiya shekara 600 da suka wuce ba zai gagara tare jaura ba.

Kayan aikin ma yana nan zube. Babu garin da ba shi da tela, kuma babu telan da ba ya share tarin ƙyallaye daga ƙarƙashin kekensa kowace yamma. Turmin atamfa yadi 6 ne, ba a taɓa ɗinke shi tas ba tare da ragowa ba. A makonnin da ke gaban Sallah, da lokacin bukukuwan bayan kaka da ake fitar da anko, ragowar atamfa da shadda da yadi takan cika buhuna. Kaɗan daga ciki ake cusa wa filo ko a sayar wa kanikawa su goge hannu. Sauran bola ce ko wuta. A cikin gidaje kuma akwai zannuwan da suka koɗe a tsakiya amma gefensu da sauran ƙarfi.

Wasu al'ummomin da talauci ya matsa sun daɗe da gane darajar irin wannan tsumma. A Gee's Bend, wani ƙauye da kogi ya kusa zagayewa a jihar Alabama ta Amurka, mata baƙaƙe, jikokin bayin gonakin auduga, sun yi ta haɗa barguna daga tsofaffin wandunan aiki da buhuna don ɗakunansu na katako ba sa riƙe ɗumi. A 1966 matan wannan yanki suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa mai suna Freedom Quilting Bee, suna ɗinki suna sayarwa, a lokacin da ake takura wa baƙaƙen da suka nemi rajistar zaɓe. A 2002 aka baje bargunan Gee's Bend a manyan gidajen adana kayan fasaha na Houston da New York, a 2006 kuma hotunansu suka hau kan sarkin Amurka. A jihar Karnataka ta Indiya, matan Siddi, waɗanda asalinsu 'yan Afirka ne, sukan shimfiɗa tsohon sari su jera ƙyallaye a kai, su fara ɗinki daga gefe suna zagayawa har su kai tsakiya, ba keke ba almakashin kirki. Ƙungiyar agaji ta Lutheran World Relief kuwa ta mayar da abin tsari: matan coci-coci a Amurka na taruwa su ɗinka barguna masu awo guda, inci 60 a faɗi, 80 a tsawo, ana aika dubban ɗaruruwa kowace shekara zuwa inda yaƙi ko bala'i ya faɗa.

Abin koyi a wurinsu ba zanen bargon ba ne, tsarin ne. Tsari kuwa karkarar Kano tana da nata. Gayya ba baƙuwa ba ce: mai gona ya sanar, ya dama fura ya sayi goro, samari su taru su gama noman da zai ci shi mako a wuni ɗaya. Mata na da adashi da uwar adashi mai riƙon amana, suna da biki inda kowace ƙawa ta san abin da aka kawo mata da abin da za ta mayar, suna da Islamiyyar matan aure inda ake haɗuwa da izinin mazaje ba tare da an yi surutu ba. Macen da ke iya zama wata guda a kan hula ɗaya tana bin zane da allura, ɗinkin bargo wasa ne a wurinta.

Abu na farko da ke kashe irin wannan aiki shi ne lokaci. Bargon da za a rufa da shi a Disamba, tara ƙyallensa tun daga Sallah ake yi, ɗinkinsa kuma a Oktoba da Nuwamba, tsakanin girbin gero da yankan dawa, ko da an gama roron wake. Duk unguwar da ta jira sai ta ga hazo kafin ta nemi allura, to ta makara, sai dai ta yi wa baɗi. Ana buƙatar mutum ɗaya, namiji ko yarinya mai wayo, da zai riƙa zagaya teloli da buhu ranar kasuwa. Tela ba ya ƙin bayarwa idan ya san inda abin zai je, amma yana jin haushin a ce masa a ajiye sannan a bar masa buhu ya tare shago.

Tsofaffin tufafin gida sun fi wuyar sha'ani, kuma nan ne wanda bai san mutanen ba yake tuntuɓe. Da yawa ba sa son ƙyallen jikinsu ya fita hannunsu, don tsoron kada a yi musu asiri da shi. Ko mutum ya yarda da wannan ko bai yarda ba, tsoron yana nan, kuma maganinsa shi ne mai zane ta wanke abinta ta yanka da hannunta a wurin taron, ta ga inda aka haɗa shi. Kayan mamaci kuwa gado ne. Ba a ɗebe su a kai sadaka sai magada sun yarda, idan akwai marayu ƙanana kuma sai an tambayi malami. Atamfar da ke ɗauke da hoton ɗan takara a bar ta a gida, don bargon marayu ba allon talla ba ne. Duk ƙyallen da ke da rubutun sunan Allah ko aya ba a sa shi inda za a taka ko yaro ya yi fitsari a kai.

Sai kunyar faci. Akwai mai ganin ba wa mutum abin da aka harhaɗa da tsumma raini ne. Amsar tana cikin ingancin aikin. Littattafan tarihi sun ruwaito Sayyidina Umar yana Halifa yana sa tufa mai faci, amma ba da wa'azi kaɗai ake kawar da wannan kunya ba. Idan an zaɓi launuka da ido, an daidaita kusurwa, an yi wa gefe kalmasa mai kyau, sai bargon ya fito abin da amarya ma za ta so a gadonta. Abin da mai ɗinki ba za ta yarda ɗanta ya rufa da shi ba, bai kamata ya fita daga hannunta da sunan sadaka ba.

Lissafin aikin ba shi da wuya. Bargon babba mita 2 ne a tsawo, mita 1 da rabi a faɗi. Idan an yanka ƙyallaye murabba'i mai santimita 27, aka bar santimita 1 a kowane gefe don ɗinki, guda 48 ne za su cika fuskar: jeri 8, kowanne da 6. Kwali guda da aka yanka daidai awo ya isa kowa ta ɗora ta zana, ko wadda ba ta taɓa riƙe tef ba. Masu keke, ko Butterfly ce ko tsohuwar Singer, su haɗa fuskar. Bayan kuma zane biyu ne da aka haɗa. Sannan a shimfiɗa a tabarma, mata huɗu ko biyar su kewaye, su bi da babbar allura da zare mai kauri, ko su ɗaure shi ƙulli-ƙulli tazarar tafin hannu. Tsofaffin da ido ya yi rauni su ware ƙyallaye, 'yanmata su zura zare.

Abin da za a sa a tsakiya shi ne inda ake gardama. Audugar rimi ba ta da nauyi, tana da ɗumi, kuma ita kakanni suka sani. Amma tana kama wuta nan take, ba ta son wanki, tana dunƙulewa, ga shi kuma rimi ba ya fashewa sai sanyi ya wuce, don haka sai an tara ta shekara guda kafin a yi amfani da ita. Ta dace da bargon tsohuwa mai tsabta da ke kwana ita kaɗai. Ba ta dace da zauren almajirai ba, inda ake kwana kusa da wuta, kuma dole a riƙa wanki da shanya saboda ƙazuwa da ƙwarƙwata da kuɗin cizo. Can abin da ya fi shi ne shimfiɗa biyu ko uku na tsohon zanen auduga, ko yagaggen bargon gwanjo da aka saya da araha. Ƙyallen roba irin na leshi da wasu yadudduka masu sheƙi a cire su gaba ɗaya: tartsatsi ɗaya ya ishe su narkewa su manne a fata.

Akwai gaskiyar da masu shirya aikin agaji ba sa son ji: lokacin matar karkara ba kyauta ba ne. Yinin da ta yi a kan bargo, yini ne da ba ta yi ɗinkin hula ba, ba ta soya ƙuli-ƙuli ba, ba ta yi surfen kuɗi ba. Mai gayya na gaskiya yana ciyar da 'yan gayya, don haka dole maza masu hali su ɗauki nauyin zare da allura da sabulu da abincin rana, kada lada ya zama nasu wahala ta mata. Matan Alabama sun daɗe a kan aikinsu ne don ɗinkin yana kawo musu kuɗi. Idan ƙungiya ta ware bargo ɗaya cikin kowane 3 ta kai kasuwar Dambatta ko Bichi ta sayar, kuɗin ya koma asusun zare da ɗan abin sabulu ga masu ɗinki, aikin zai ga shekara ta biyu. Idan an dogara ga tausayi kaɗai, ranar farko tsakar gida za ta cika, ranar huɗu sai uwar ƙungiya da 'yarta.

Rabo ya fi ɗinki wuya. Mai unguwa da liman sun san magidantan da suka gaza, amma ungozoma da mai kitso su suka san ɗakin da babu mayafi, don su ke shiga har ƙuryar gado. Jerin da aka haɗa daga bakin waɗannan huɗu ya fi wanda mutum ɗaya ya rubuta, kuma yana rage zargin an fifita dangi. A gidajen mutane, a aika yarinya da bargon a ƙunshe bayan magariba, ta ce Inna ta ce a kawo, ta juyo. Tara gajiyayyu a fili a jera su ana ɗaukar hoto don a sa a Facebook yakan sa masu mutunci su ƙi zuwa, kuma sau da yawa su ne suka fi buƙata.

Makarantar allo tata hanyar daban ce. Bargon da aka danƙa wa ƙolo a hannu, da wuya ya kwana uku a wurinsa: ko wani gardi ya karɓe, ko yunwa ta sa ya sayar. Gara a kai wa malam a gaban yaran duka, a ƙirga, a ce na makaranta ne, a ɗinka wata alama a kusurwa da za a gane shi ko a kasuwa aka gan shi. Ƙananan yara uku na iya shiga bargo ɗaya, don haka zaure mai yara 30 guda 10 zuwa 12 sun rufa masa asiri. Idan sanyi ya janye a ƙarshen Fabrairu, matan da suka ɗinka su karɓo, a wanke da ruwan zafi, a shanya a rana, a gyara inda ya ɓarke, a zuba a buhu da ganyen darbejiya saboda ƙwari, a rubuta adadin a littafin uwar ƙungiya a ajiye a ɗakin matar malam ko na mai unguwa har Nuwamba.